Wakanda a Idon Mutanen Kan Dutse

A farkon 2023 aka sanar da cewa Black Panther: Wakanda Forever ya zama fim na farko da ya tara sama da naira biliyan ɗaya a gidajen silima na Afirka ta Yamma, akasarinsu a Najeriya. Da wuya a samu kuɗin mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa masu yawa cikin wannan lissafi, alhali kuwa sun kalla, kuma kallon ƙurilla. A waya suka kalla, bayan yaron shagon caji ya tura musu shi da wasu finafinan Indiya a matsayin gyara, ko a gidan kallon ƙwallo ranar da babu wasa, janareto na ruri a bayan katanga. Irin wannan kallo ba ya shiga littafin mai sayar da tikiti. Ra'ayin da ke biyo bayansa ma ba ya isa kunnen masu sharhi, kuma nan ne asarar take, domin mai kallo a Kudancin Kaduna yana riƙe da abin auna wannan fim wanda ɗan sharhin Legas ko na Amurka ba shi da shi.

Tun 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro jarumin Black Panther a littattafan labarin zane na kamfanin Marvel. Sai a 2018 Ryan Coogler ya fitar da fim ɗin farko, ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku, har da ta tufafi wadda Ruth Carter ta ɗauka. Da shi ne ma Saudiyya ta buɗe silima a Riyad a watan Afrilun 2018, bayan haramcin shekara 35.

Yabo ya yi yawa, amma suka ma ba ta yi kaɗan ba. Christopher Lebron ya koka a mujallar Boston Review cewa an mayar da baƙar fatar Amurka mugun labarin, ta bakin Killmonger. Patrick Gathara, ɗan jarida kuma mai zanen barkwanci daga Kenya, ya ce a jaridar Washington Post Afirkar da aka nuna tsohuwar Afirkar tunanin Turawa ce: ƙasa mai jirage da kimiyya, amma da kokawa ake naɗa sarkinta. A Arewa kuwa wani wurin ne ya tsaya wa mutane a rai, wato inda aka rubuta Dajin Sambisa a fuskar allo, ga 'yan bindiga ɗauke da matan da suka sato, ɗayansu na rantsuwa da "wallahi". Wasu sun ce an ci zarafin Musulunci. Wasu suka ce ai abin da ke faruwa aka nuna. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika faɗa ba shi ne, a fim mai tsawon sama da awa biyu da ake kira abin alfaharin Afirka, 'yan mintocin da aka ba Arewacin Najeriya na satar mutane ne kawai.

To, sai ga Jabari.

Masu sharhi sun ɗauke su a matsayin kayan ban dariya: ƙabilar da ta hau tsaunuka ta ƙi bin fadar Wakanda, da shugabansu M'Baku mai babbar murya, wanda Winston Duke ya ba karin harshe mai kama da na Ibo. Amma duk wanda ya tashi a gindin dutsen Kagoro ya san wannan labari tun kafin Marvel. A ƙarni na 19, lokacin da mahaya daga Zazzau da Jama'a ke fitowa neman bayi da gandu, duwatsu ne mafakar jama'a da yawa na wannan yanki, domin doki ba ya hawa inda ɗan Agworok, wato mutumin Kagoro, ke hawa. Ko da Turawa suka zo suna ɗora ƙasashe ƙarƙashin masarautu, Kagoro da Jaba da Marwa sun tsira da sarautunsu. Saboda haka idan M'Baku ya sauko ya ƙalubalanci sarki a bakin ruwa mai zubowa daga dutse, wurin da ke tuna wa ɗan Kafanchan da Matsirga, dariya ba ita kaɗai ake yi ba. Tambayar da yake yi, wa ya ba ku ikon mulkinmu, ita ce tambayar da siyasar yankin ta daɗe tana tafiya a kanta, wani lokaci da takarda, wani lokaci da jini.

A nan Gathara ya yi gaskiya rabi. Fim ɗin ya ɗaukaka gidan sarauta, ba shakka, kuma daga ƙarshe ya sa mutanen dutse sun sauko sun ceci karagar da ta yi watsi da su. Sai dai ya bar musu mutuncinsu, bai nuna su jahilai ba. Wannan ya fi abin da littattafan makaranta da yawa suka yi wa Atyap da Bajju da Ham, waɗanda aka daɗe ana dunƙulewa da suna ɗaya mara daɗin ji.

Wuri na biyu da ya kamata ya sosa wa mutanen yankin rai shi ne gidan tarihi na Landan, inda Killmonger ya tsare ma'aikaciyar da tambaya kan yadda kakanninta suka samu kayan da ke cikin gilashi. Kowa ya tuna da tagullar Benin. Ba kowa ya tuna da Nok ba, ga shi kuwa ƙauyen yana nan a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a can. A 1943 aka tono wani kai kusa da Jama'a, mai idanu kusurwa uku da huji a tsakiya, fuska a natse. Wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doyarsa don korar ɓarna, kafin masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gan shi ya gane danginsa. Waɗannan mutane sun rayu sama da shekara 2,000 da suka wuce, kuma suna cikin na farko da suka narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. Al'umma mai ƙarfe da fasaha a ɓoye cikin duwatsu, duniya ba ta sani ba: marubutan Marvel sai da suka ƙirƙiro tasu, ta nan kuwa tono ta aka yi. Ɓarayin kayan tarihi ma sun tono. A 2000 Faransa ta baje wasu kayan Nok da ta saya a gidan tarihi na Louvre, aka yi ta cece-kuce, sai a 2002 ta amince mallakar Najeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25.

Abin takaicin yana ga masu kallon su kansu. Matashin da ya harɗe hannu a ƙirji ya ɗauki hoto don Facebook, sau da yawa bai taɓa taka ƙafa Nok ba, ko da ya je Kwoi bikin Tuk Ham.

Yanzu yayin ya iso gida. Roye Okupe ya ƙirƙiro Malika, sarauniyar daular Azzaz, wadda kowa ya san daga Amina ta Zazzau aka samo ta, aka yi mata gajeren fim na katun a 2019. Littafinsa na Iyanu, mai tushen Yarabawa, ya zama shiri a tashar Cartoon Network a 2025. Kamfanin Kugali ya haɗa kai da Disney suka yi Iwájú a 2024, labarin Legas ta gaba, wanda 'yan Najeriya suka yi ƙorafin an sake shi a Disney+ da ba ya aiki a ƙasarsu, sai daga baya ya zo ta DStv. Ayyuka ne masu kyau, kuma masu sharhi sun karɓe su hannu bibbiyu. Amma a duba inda suke ɗebo ruwa: fada, sarauniya, babban birni. Malika jaruma ce idan daga Zariya aka hango ta. Daga kudu, inda dawakan fada ba su bar kyakkyawan tarihi ba, mai kallo na da haƙƙin tambayar su wa take ci da yaƙi, kuma me ya sa ba a ba su fuska ba.

Ba wanda zai zana wannan ɓangaren sai 'ya'yan wurin, kuma littafin zane ya fi fim sauƙin farawa: fensir, takarda, waya mai kyamara. Wuyar tana wani wuri dabam. Mai zanen zai yanke shawarar yaren da jarumarsa za ta yi magana da shi, Tyap ko Jju ko Hyam, ko kuwa Hausar da ake ciniki da ita a kasuwar Kafanchan kuma ake wa'azi da ita a coci da masallaci. Zai kuma zana mahayin da ya zo neman bayi ba tare da ya mayar da maƙwabcinsa na yau, mai sayar masa da shayi a bakin tashar jirgi, mugun labarin ba.