Yajin Aikin Mabarata: Sharhi a kan Littafin Aminata Sow Fall

Littafin da zan yi ɗan sharhi a kansa ba da Hausa aka rubuta shi ba, amma duk Bahaushen da ya karanta shi zai ji kamar a ƙofar gidansu abin ya faru. Sunansa La Grève des bàttu. Wata marubuciya 'yar ƙasar Senegal, Aminata Sow Fall, ita ta rubuta shi da Faransanci, aka buga shi a Dakar cikin 1979. A 1981 Dorothy Blair ta juya shi zuwa Ingilishi da sunan The Beggars' Strike, kuma wannan fassara ce ta zo hannuna. Kalmar bàttu a harshen Wolof tana nufin ƙoƙon da mabaraci ke miƙawa, watau dai sunan littafin yajin aikin ƙoƙon bara ke nan.

Ga labarin a taƙaice. Hukuma ta ga mabarata sun cika titunan babban birni, ga shi kuwa ana son jawo baƙi masu yawon buɗe ido. Sai aka ɗora wa Mour Ndiaye, shugaban ma'aikatar tsabtace gari, nauyin kawar da su. Shi kuma ya miƙa aikin ga mataimakinsa Keba Dabo, mutumin da ya tashi cikin talauci a hannun uwar da ta ƙi yin roƙo, don haka ya tsani bara har cikin ransa. Aka shiga kame da duka, ana kwasar makafi da guragu a mota ana zubarwa nesa da gari. Da wuya ta yi wuya, sai mabaratan suka yanke shawarar daina fita, suka tare a gidan wata mata, Salla Niang, can bayan gari. Ana nan sai Mour ya sa rai da kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Wani malami, Kifi Bokoul, ya ce masa ya yanka bijimi ya kasa naman kashi 77, ya bi kusurwoyin birni ya raba wa mabarata a wuraren da suka saba zama. Ina mabaratan? Ai shi ya kore su! Ya bi su har gidan Salla yana lallashi, suka ƙi komawa, kujera kuwa aka ba wani.

Jigon littafin a fili yake: mai bayar da sadaka yana bukatar mai karɓa kamar yadda mai karɓa yake bukatarsa. Marubuciyar ta ƙware wajen tona wannan asiri. Mu ma nan mun san shi. Wanda ya yi mugun mafarki, da mai neman ƙarin girma a ofis, da matar da ke jin tsoron kishiya, da mu ɗalibai idan jarrabawa ta matso, kowa ƙosai ko tsaba yake nema ya kai wa almajiri. Sau da yawa mai bayarwa matsalarsa yake son ya sauke a cikin ƙoƙon, ba ruwansa da sunan mai riƙe da shi, balle ya tambayi inda ya kwana jiya. Wurin da Mour yake zagaya gari da nama a mota yana neman wanda zai karɓa ya rasa, yana daga cikin wurare mafi daɗi da na taɓa karantawa a ƙagaggen labari. Mutum zai yi dariya, sa'an nan ya ji kunya.

To, amma akwai abin da nake ganin masu yabon littafin suna tsallakewa. Me ya sa yajin ya yi nasara? Ba don mabaratan sun fi Mour wayo kawai ba. Ya yi nasara ne don Salla Niang tana da gida. Ita ma da bara ta fara, da 'yan tagwayenta, ta shiga adashin da mabaratan ke zubawa kullum, har ta sami abin mallakar fili. A tsakar gidanta suke taruwa su yi shawara, a nan suke zuba adashi, a nan masu sadaka suka riƙa samunsu bayan sun bar titi. In da babu wannan tsakar gida, kwana uku ba za su yi ba yunwa da sanyi za su mai da su bakin kasuwa. Ashe kuwa abin da ya ba su murya shi ne wurin da za su shiga su rufe ƙofa, wanda ɗan sanda ba zai tashe su cikin dare ba.

A nan ne raunin littafin yake, a ganina. Mabaratansa sun sami mafaka da wuri, sai ya zamana ba mu ga daren wanda ba shi da ita ba. Marubuciyar ta shigar da mu cikin gidan Mour ɗaki ɗaki: ɓacin ran uwargida Lolli da aka yi mata kishiya, da tawayen 'yarsu Raabi mai karatun jami'a, da rigimar amarya Sine. Duk wannan ya yi kyau, amma ya cinye shafukan da suka kamaci wasu. Dubi Madiabel, gurgun da a ƙauyensu sana'arsa gyaran tukwane ce, sana'ar ta mutu, ya shigo birni yana bara yana aika wa iyalinsa. Wannan mutum shi kaɗai ya isa littafi guda. Amma ba mu daɗe da saninsa ba sai ga shi ya mutu wajen gudun masu kame. Ba mu ga inda yake ajiye 'yan kuɗinsa idan zai yi barci ba, ko wanda ke jinyarsa idan zazzaɓi ya kama shi, ko inda yake wanka. Waɗannan kuwa su ne ainihin wahalar marar muhalli. Duk wanda ya taɓa sauka tashar mota da asuba cikin hunturu ya ga mutane jere a kan kwali a gindin rumfa, kowa ya yi matashi da takalminsa don kada a sace, ya san abin da nake nufi.

Wani zai ce ai littafin zambo ne da habaici, ba rahoton ma'aikatar jin daɗin jama'a ba ne, kuma Mour aka nufa da kibiyar. Na yarda da rabin wannan magana. Sai dai idan marubuci ya soki masu kallon mabaraci a matsayin tarkacen hanya, sa'an nan shi ma ya riƙe shi a matsayin sandar dukan babban mutum, to ya ɗan taɓa laifin da yake suka. In ban da Salla da makahon nan mai kwalliya, Nguirane Sarr, sauran taro ne kawai mai amsa amo.

Duk da haka ba zan rage wa littafin hangen nesansa ba. Abin da ya zana a 1979 mun gan shi da idonmu. A farkon 2020 gwamnatin Jihar Kano ta ba da sanarwar hana bara a titi, kuma cikin shekarar, lokacin annobar korona, jihohin Arewa suka riƙa ɗibar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali. Tunanin Keba Dabo ke nan: a ɗauke su daga inda ido ke ganinsu. A garuruwanmu na gargajiya kuwa akwai Sarkin Makafi da unguwar makafi, tsarin da ya yi kama da gidan Salla, domin yana ba mutum jama'a da wurin kwana da mai magana da yawunsa. Wanda ya fi shiga uku shi ne wanda ba ya cikin kowane irin tsari: yaron da ya gudo daga malaminsa, da matar da aka saka ba ta da kuɗin motar komawa garinsu, da mai taɓin hankali, da wanda rikici ya koro daga ƙauyensu. Waɗannan ba su da adashi, ba su da Salla Niang, in sun yi yaji ba wanda zai bi su da naman bijimi. Labarinsu nake jiran wani daga cikin 'yan ƙungiyarmu ya zauna ya rubuta mana da Hausa.