Jinjina ga 'Yan Lodi

Idan za a kai kayan ɗakin amarya daga wani ƙauyen Bichi zuwa Dambatta, ko iyali za su tashi zuwa Maraɗi, akan yi ta yabon direba, a manta da wanda ya ɗaure kayan. To, ni yau shi nake yi wa jinjina.

Ɗan lodi na ƙwarai ba ya fara ɗauka sai ya raba kaya. Hatsi da gari a buhu, tufafi a adaka, domin ɓera da ruwa ba su ratsa ƙarfe. Tangaran da kofunan gilashi sai kwali, kowanne a naɗe shi da tsumma. Langa da kwalla kuwa ƙarami cikin babba, a sa zane a tsakani kada fentin ya ɓare. Randa ita ce jarrabawar: a shimfiɗa mata ƙaiƙayi ko harawa, a tokare ta da katifa, a ajiye ta kusa da kan mota inda girgiza ta fi sauƙi. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama, sannan tamfol da igiya. Jarkar manja kuma, don Allah, nesa da lefe!

Makarantar 'yan lodi ita ce Kasuwar Dawanau a Dawakin Tofa, inda ake cika tireloli da riɗi da wake. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 ta kawo kwantena kusa, amma kwantena ba ta jera kanta. Hannun da ya saba da a-kori-kura shi ke shirya cikinta.