Gwanin Bin Salsalar Ciwon Zuciya

Akwai ƙwarewar da ba a cika yaba wa likita a kanta ba, alhali ita ke ceton gida guda: iya tambayar salsala. Mutum zai taso daga Maigatari ko Sule Tankarkar ya zo Babban Asibitin Gumel da kukan haki da bugun ƙirji. Gwanin likita ba ya tsayawa a kan wanda ke gabansa, sai ya jawo takarda ya fara zana dangi.

Namiji akwati, mace da'ira, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace. Haka zai yi ta hawa har kan kakanni, ya sauko kan jikoki. Ba zai ce "Akwai mai ciwon zuciya a danginku?" ba, domin ya san amsar a'a ce. Cewa zai yi, "Baba, a gidanku wa ya taɓa rasuwa farat ɗaya, lafiyarsa ƙalau? Wa ya yanke jiki ya faɗi a gona? Akwai wadda ta kumbura bayan haihuwa?" Nan ne dattijo zai yi shiru, can ya tuna ƙanensa. Likitan kuma ya san gidajenmu: sai ya rarrabe 'yan uba da waɗanda suke ciki ɗaya, ya bincika auren zumunci, ya lura da uwar da kunya ta hana ta ambaci ɗan fari. Wannan ba a littafi kaɗai ake koyonsa ba.

Dalilin wahalar a fili yake. Ciwon kaurin tsokar zuciya yana samun kusan mutum 1 cikin 500, kuma idan uwa ko uba na ɗauke da ƙwayar gadonsa, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Shi ya kashe Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, wanda ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a Faransa a 2003, yana da shekara 28. Ciwon zuciyar masu jego ma, wanda ya yawaita a Arewa, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya daɗe yana nazarinsa, an gano gado na da hannu a na wasu matan.

Da zanen nan likita ke tantance wa za a tura Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano a auna bugun zuciyarsa, a yi mata hoto. Gwajin ƙwayar gado yana da tsada, amma idan aka gano ta a jikin mutum ɗaya, ita kaɗai za a nema a jikin 'yan'uwansa. Wanda ba ya da ita hankalinsa ya kwanta, mai ita a sa masa ido tun ciwon bai taso ba.

Mun riga mun karɓi gwajin sikila kafin aure; haka ya kamata mu karɓi bin salsalar ciwon zuciya. Ku zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye, ku tambaye su yadda magabata suka rasu, ku rubuta, ku kai wa likita.