Hasken Turner da Hazon Zariya

A zanen jirgin ƙasa da Turner, mai zanen Ingila, ya nuna a 1844, haske ne abin lura, wanda ruwan sama da tururi suka jiƙa har gada ta kusa ɓacewa a cikinsa. To, duk wanda ya tsaya Chikaji da safiyar hunturu zai ga hazo yana haɗiye gidaje, amma namu busasshe ne, ƙura ce ke mayar da rana kamar farin faifai. Saboda haka ɗalibin Samaru da ya ari launukan Turner ya yi wa Zariya ƙarya. Irin wannan kwaikwayo ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 suka ƙi. Abin koyo wurin Turner shi ne yadda ya dubi sararin ƙasarsa.