Jinjina ga Masu Awon Rijiyoyin Bangaladash

Bayan an tabbatar a 1993 cewa rijiyoyin burtsatsen Bangaladash, waɗanda aka haƙa domin tsare al'umma daga kwalara, da yawansu na ɗauke da gubar arsenik, wadda ba ta da launi balle ɗanɗano, sai mutanen ƙauyuka, maza da mata, suka koyi awon ruwa, suka bi rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, suna shafa jan fenti a bakin famfon da ya gurɓata, kore a bakin mai lafiya, ta yadda ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba zai fahimci hukuncin. Masu koren famfo da dama kuwa suka bar maƙwabta suna ɗiba, bisa haƙƙin maƙwabtaka. Haƙiƙa wannan sadakatul jariya ce. Allah ya saka musu da alheri.