Katoɓara Kan Sunan Yaro a Al'adar Hausawa

Katoɓara kan suna ita ce maganar da mutum kan saki game da sunan da aka raɗa wa yaro ba tare da ya auna inda za ta faɗa ba. Galibi ba da niyyar cin mutunci ake yin ta ba. 'Yar barka ce za ta tambayi sunan jaririya, a gaya mata, ta taɓe baki ta ce, "Duk sunayen duniya a rasa wanda za a sa mata sai wannan?" Ko malami yana kiran suna a aji ya zo kan wani ya yi murmushi, yara su ɗauka, abin ya bi yaron har ya gama makaranta. Ba a gane zafin irin wannan magana, da dabarun da Hausawa suka tanada don karɓar ta, sai an san yadda sunan ke samuwa tun farko.

Da an haihu, uba ko wani dattijo kan yi wa jariri huɗuba a kunne. Ran kwana bakwai da sassafe a taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan har mata su ji daga cikin gida. Wannan shi ne sunan yanka, kuma a ƙasar Hausa kusan kullum daga taskar Musulunci ake ɗauko shi: sunayen annabawa, da sahabbai, da iyalan gidan Annabi, da waɗanda ke farawa da Abdu. Haƙƙin zaɓe na uba ne, amma da wuya ya zaɓa don daɗin sauti kawai. Yawanci wani ake yi wa takwara. Ana mayar da sunan mahaifin da ya rasu, ko na gwaggon da ta yi riƙo, ko na malamin da aka yi karatu a gabansa, ko na aminin da ya tsaya wa mutum ranar wuya. Shi ya sa tambayar da ke biyo bayan jin suna ita ce, "Sunan wa ya ci?" Wanda ya kushe sunan, ko bai sani ba, ya kushe mutumin da ke bayansa, kuma sau da yawa mutumin yana kabari.

A kan sunan yanka akwai laƙabi, wanda shi ne ainihin kayan Hausa. Wasu na rana ne, kamar Ɗanladi da Ladi, Bala da Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Talatu da Asabe. Wasu na yanayin haihuwa ne: Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Sallau ya zo da salla, Anaruwa ya faɗo ana ruwan sama, Cindo yana da yatsa shida. Akwai kuma waɗanda ke ɗauke da makoki. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Talle uwa ta rasu ta bar shi yana jariri. Mafi nauyi su ne sunayen 'ya'yan wabi, wato na matar da ke haihuwa yaran suna mutuwa tun suna ƙanana. Irin wannan uwa, bayan ta binne biyu ko uku, sai a kira na gaba Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas, ko Bawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba, da fatan mutuwa za ta kau da kai. Wasu kuma roƙo ne a fili: Abarshi, Abarta, Barmani. Malamai sun daɗe suna sukar camfin da ke ƙarƙashin wannan al'ada, kuma tana ja baya. Duk da haka, wanda ya ji an kira yarinya Ajuji ya fashe da dariya ya ce, "Wa ya jefar da ke a juji?" ya taka kaburburan yayyenta a gaban uwar da ta haife su. Babu katoɓarar da ta kai wannan ciwo, kuma mai yin ta kan wuce bai ma san ya yi ba.

Alkunya ta ƙara wani rufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, al'adar da Baba ta Karo ta yi bayaninta a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954. Matar gida ba ta kiran sunan surukinta ko surukarta, don haka yaron da ya ci sunansu sai ya koma Abba, Baba, Abbati, Ummi, Inna, ko Maisuna. Sunayen yanka da kansu suna da inkiya: Abubakar Garba ne, Usman Shehu, Umar Sanda, Yusuf Maitama, Fatima Binta, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Hadiza Dije. Al'ummar da ta ɗauki suna da nauyin da har uwa ke jin kunyar furta na ɗanta, ba abin mamaki ba ne ta ɗauki wasa da shi babban abu. Bahaushe na cewa suna linzami ne, yana nufin yakan ja mai shi zuwa halinsa.

Katoɓarar da ta fi yawa a birane yau ita ce ta raina tsohon suna. A ce Indo ko Talatu ko Kande "sunan ƙauye" ne, ko "sunan tsofaffi", ko ma "sunan 'yar aiki". Finafinan Hausa sun taimaka wajen kafa wannan, domin sau da yawa 'yar aiki da baƙauye da wawan shiri su ake ba sunayen gargajiya, 'yar masu kuɗi kuma a ba ta sabon suna na Larabci. Abin takaicin shi ne mai raina Indo bai cika tunawa da cewa A'isha yake rainawa ba. Ta ɗaya gefen kuma ana yi wa sababbin sunaye ba'a. Tun da zirga-zirgar aikin hajji da karatu a Saudiyya da Masar da Sudan ta yawaita, sunaye irin su Afnan, Ilham, Hanan, Aiman, Ammar da Mus'ab suka shigo gidaje, tsofaffi kuma kan ce, "Wannan sunan 'yan boko ne, bakina ba zai iya ba," ko su karkatar da shi da gangan. Hausawa Kirista masu suna Bitrus, Istifanus, Rifkatu, Alheri ko Godiya suna da nasu kason, domin ana yawan tambayarsu ko da gaske su Hausawa ne.

Akwai kuma katoɓarar da ba ta shafi sunan kansa ba, siyasar gida ce ta sa rigar suna. Idan miji ya yi wa mahaifin matarsa takwara tun bai yi wa nasa ba, dangin miji kan yi ta habaici ranar suna cewa an shanye ɗan'uwansu, ya zama mijin-ta-ce. A gidan da ke da kishiyoyi, wadda aka sa wa ɗanta sunan maigida babba takan sha magana daga wadda ba a sa wa nata ba. A nan mai jego ce ke karɓar harbin, tana cikin jego, alhali sau da yawa ba ita ta zaɓi sunan ba.

Ba kowace tsokana ce katoɓara ba. Al'ada ta ware mutanen da ta ba lasisin wasa. Kaka tana iya ɗaukar jikanta ta ce wannan miji nata mummuna ne, sunansa ma bai yi mata ba, ta laƙaba masa nata, kowa ya yi dariya. Jikanya kuma kishiya ce, ba a raga mata. Taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, suna da wannan dama, haka abokan wasa na ƙabila da na gari, kamar Fulani da Barebari ko Kanawa da Zazzagawa. A Jamhuriyar Nijar wannan wasa ya samu matsayin da UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Kushen kaka ma yana da wata fuska, domin ana tsoron kambun baka, ana ganin yawan yabon jariri ba tare da tubarkalla ba yana iya jawo masa baki. Abin da ya raba wasa da katoɓara shi ne matsayin mai magana. Kalmar da kaka za ta faɗa a yi shewa, idan maƙwabciya ko matar wa ta faɗe ta, ta zama abin riƙo. Ko kakar ma akwai inda take tsayawa: ba ta wasa da sunan wabi, ba ta kuma taɓa sunan mamacin da ake jimami.

Martanin farko da tarbiyyar Hausa ke koyarwa shi ne kawaici. Mai jego takan sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba, wata babba a ɗakin ta rufe maganar da addu'a: "Allah dai ya raya, ya sa mai albarka ce." Addu'ar tana tilasta wa kowa ya ce amin, har da mai katoɓarar, zancen kuma ya mutu a nan. Idan ana son a ja kunne ba tare da faɗa ba, sai a ambaci mai sunan: "Ai sunan marigayiya Hajiya ta ci, wadda ta riƙe babanta." Wannan gajeriyar jimla takan isa, domin mai hankali nan take zai gane abin da ya taka, ya ce Allah ya ji ƙanta. Tsakanin sa'o'i akan mayar da wasa da wasa, a ce wa mai kushen ta haifo nata ta sa wanda take so. Idan kuwa mai maganar babba ce, kamar uwar miji, ba a mayar mata da magana baki da baki. Miji ake gaya wa, ko wata gwaggo, su san yadda za su tausasa ta. Sau da yawa rikicin kan ƙare da laƙabi: sunan yanka ya zauna yadda uba ya raɗa, kaka kuma a bar ta ta kira yaron da wanda ta zaɓa. Yawan sunaye a kan mutum ɗaya ya sa kowane ɓangare na dangi yana iya samun rabonsa ba tare da an kayar da kowa ba, kuma wannan na daga cikin hikimomin tsarin.

Addini ya shigo ta fuska biyu. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, malamai kuma kan kafa hujja da ita idan ana yi wa yaro ba'a da sunansa. Ta ɗaya fuskar, ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya canza sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba. Ya mayar da Barra Zainab, ya kuma shawarci wani sahabi mai suna Hazn, kakan Sa'id ɗan Musayyib, ya koma Sahal, mutumin ya ce ba zai bar sunan da mahaifinsa ya sa masa ba, ba a kuma tilasta shi ba. Saboda haka gyara yana da gurbi, musamman yanzu da wasu iyaye ke tsinto kalma daga fim ko intanet don daɗin sautinta ba su binciki ma'anarta ba. Sai dai gyara na gaskiya yana da kamanni: a keɓe ake yin sa, da uban yaro ake yi, kafin ranar suna, a kuma zo da madadin da ya fi. Yana kuma bukatar ilimi. An sha jin mai guntun karatu yana cewa Asiya suna ne mara kyau domin Annabi ya canza shi zuwa Jamila, alhali wanda aka canza wata kalma ce daban mai nufin mai saɓo, ba sunan matar Fir'auna mumina da Hausawa ke sa wa 'ya'yansu ba. Wanda ya jira sai an yanka rago, an ci an sha, sannan ya yi fatawarsa a tsakiyar taro, ya kunyata mutane ne kawai.

Duk waɗannan dabaru an gina su ne don kare zumunci tsakanin manya, kuma a nan rauninsu yake. Jariri ba ya jin abin da aka faɗa ranar sunansa, amma ɗan shekara bakwai yana ji. Idan aka yi masa dariya a gaban mahaifiyarsa ta yi kawaici, shi abin da zai fahimta shi ne maganar gaskiya ce. A irin wannan hali ya wajaba babba ya amsa a gaban yaron, cikin ladabi amma a fili, daga baya kuma a zaunar da shi a gaya masa wanda ya ci sunansa da dalilin da ya sa. Alkunya kan hana iyaye wannan hira, sai ya zama aikin kaka ko gwaggo ko kawu. Misalan manyan mutane masu sunayen gargajiya da za a nuna wa yaron ba su yi ƙaranci ba. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU daga Zariya, Hajaratu ce sunanta na yanka, amma da sunan biyo tagwaye duniya ta san ta. Balarabe Musa ya yi gwamnan Kaduna daga 1979 zuwa 1981, Yusufu Bala Usman ya yi suna a fagen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane kuma yana bayan takardar naira 20. Malaman makaranta su ma suna da alhaki babba, domin dariyar malami izini ce ga aji duka, kuma laƙabin da aka samo a firamare yakan bi mutum har furfura.

Inda ba a yi wannan ba, yaro kan girma yana ɓoye sunansa, ya ƙirƙiri wani a makaranta ko a Facebook, wani kuma ya kai ga canza shi a hukumance. A Nijeriya wannan na bukatar takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida, sannan a bi takardar haihuwa, da lambar NIN, da takardun jarrabawa, da asusun banki ana daidaita su ɗaya bayan ɗaya, kuma saɓanin suna a tsakaninsu yana iya tsayar da neman gurbin karatu ko fasfo.