Awon Kai da Rabon Jinsi: Nazari a kan Littafin Seligman

A shekara ta 1930 aka buga littafin C. G. Seligman mai suna Races of Africa. Bayan rasuwarsa a 1940 ba a daina bugawa ba har 1966, don haka malamai da yawa suka karance shi, suka karantar.

Madogarar littafin ita ce awon jiki: tsayin mutum, faɗin hanci, da siffar kai. Awon kai kuwa dabara ce ta Anders Retzius, mutumin Suwidin. A kan auna faɗin kai, a raba shi da tsawonsa, kana a ninka sau ɗari. In lissafin ya kasa 75 sai a ce mai dogon kai ne, in ya wuce 80 mai zagayayyen kai. Lissafin ba shi da laifi. Abin dubawa shi ne nauyin da aka ɗora masa.

Tun kafin 1911 Franz Boas ya auna dubban baƙi da 'ya'yansu a birnin New York, ya ga siffar kan waɗanda aka haifa a Amurka ta saɓa da ta iyayensu. Masana sun yi jayayya a kan girman saɓanin, amma dai ma'aunin da abinci da mazauni ke iya motsa shi bai isa zama shaidar asali shi kaɗai ba.

Babban rauni yana wurin da marubucin ya zo kan waɗanda ya kira zuriyar Ham. Ra'ayinsa shi ne, makiyaya ne masu hasken fata suka shigo da wayewa Afirka. Ya sa Fulani cikinsu tare da Buzaye da Tubawa. To, inda awo ya ƙi ba shi abin da ya ke so, sai ya koma ga harshe. Inda harshe ya ƙi, sai ya koma ga kiwon shanu. Alƙalin da ya yanke hukunci kafin ya kira shaidu ke nan. Shaidar harshen ma ba ta tsaya ba, gama Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya tabbatar Fulatanci ɗan'uwan harsunan Wolof da Serer ne na Senegal. Hausa kuwa ita ce ke da dangantaka da harshen Buzaye da Larabci.

Har wa yau, kan wa za a auna a ce na Bahaushe ne? Banufe ko Babarbare ya sauka Kano fatauci, ya yi aure, jikokinsa ba su jin kome sai Hausa, su ma Hausawa a ke ce musu. Wanda ya auna mutum hamsin a kasuwar Kurmi ya fitar da matsakaici, lalle ya sami lamba, amma lambar ta waɗanda suka ci kasuwa ran nan ce.